Kashi Tamanin da Bakwai

An ce da mu, malaman gona na Goronyo,
bana ba ƙarin girma
sai wanda ya gama kwas a waya.
Ba aji, ba benci, ba kuɗin mota zuwa Sakkwato.
Manhaja ce, in ji Jelani na ofis,
ita ce malam, ita ce rajista, ita ce mai gadi.

Mai gadin ta fara tare ni a ƙofa:
kalmar sirri, harafi takwas,
da babba da ƙarami da lamba.
Na ba ta sunan jakin mahaifina, ta ƙi.
Na ɗaura masa shekarar ambaliya a wutsiya,
sannan ta buɗe.
Jakin da bai taɓa leƙa makaranta ba
yau shi ke riƙe da makullina.

Sabis ba ya shigowa gidanmu, kunyar surukai yake ji.
Sai in hau babur bayan la'asar
in zauna bisa tudun magudana,
ina kallon ɗan zoben nan yana kewaya allo
kamar akuya a turke.
In wayar ta yi zafin kaskon masa
in koma gida in jingina ta da randa
mu huce tare.

Wata mace ce ke koyarwa, cikin ɗaki mai sanyi,
ba ɗigon gumi a goshinta.
Na raina ta. Ina ta san albasa?
Amma ga abin da ban zata ba:
in na ce tsaya, ta tsaya,
in na ce maimaita, ta maimaita,
har sau biyar, ba tsaki, ba harara.
Tun ina ɗan aji ɗaya ban samu irin wanga malami ba.

Jarrabawa ta tambaye ni yaushe ake ban-ruwa.
Amsa huɗu ta jera.
Tawa, ta shekara ashirin da shida,
cewa sai na murza ƙasar a tafin hannu,
ba ta cikinsu.
Ta ba ni ja. Na ba ta baki.

Darasi na tara kuwa shi ya kama ni.
A buɗe wuyan ganye, ta ce, a ƙirga ƙwari
kafin a ɗauko feshi.
Ni da nake cewa a fesa duk Laraba!
Na tuna kuɗin maganin da Bawa Rimawa ya ranto,
na kashe wayar, na daɗe ina kallon ruwa.

Sai koren layi ya cije.
Kashi tamanin da bakwai.
Na gama komai, wallahi na gama,
shi ko ya tsaya kamar ruwan da ciyawa ta toshe wa hanya.
Kwana shida. Data ta dubu biyu.
Jelani ya ce a rubuto koke.
Koken ya dawo da lamba, ba amsa.

Inno, autata, ta karɓi wayar tana cin gyaɗa.
Baba, mi kab bari nan?
Daƙiƙa arba'in a ƙarshen bidiyo na shida,
ranar da injin Bawa ya mutu na ruga.
Muka danna.
Ba komai ciki sai matar tana godiya,
tana cewa sai mun haɗu a darasi na gaba.

Ashe sallama aka yi mini ban amsa ba.

Na ce mata a sauka lafiya.
Layin ya cika har bakinsa.

Takardar na cikin waya, ban buga ba tukuna.
Ɗazu na wuce fadama,
Bawa bai tambaye ni satifiket ba.
Yana durƙushe, tabarau a karan hanci,
yana buɗe wuyan albasa ɗaya bayan ɗaya,
yana ƙirge da ƙarfi.